Gwajin itatuwan kurmi: tambayoyin da ake yawan yi min kan antioksidan da guba

Assalamu alaikum. Ni aikina a ɗakin gwaji ne nan Samaru ta Zariya, kuma duk shekara da zarar lokacin furojet ya kama to wayata bata hutawa, wannan ya turo hoton ganye a WhatsApp, waccan ta ce sufabaiza ya ba ta sunan wani itace na kudu bata taɓa ganinsa ba, ga kuma dattawanmu masu maganin gargajiya daga cikin birni da Tudun Wada da suke zuwa da ƙullin gari a leda suna so a duba musu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi yasa na ce bari in tara su wuri ɗaya in amsa iya abin da na sani.

Malam wai shi antioksidan ɗin nan menene takamaimai?

Ka taɓa fasa farin goro ka ajiye ɓarin ka dawo ka ga ya yi ja-ja ya dafe? Ko ka yanka yalo ko doya ka barshi a iska? To iskar oksijin ce ta yi aiki a kai, ɗan'uwan abin da ke sa ƙarfe tsatsa, kuma shi ke sa man gyaɗa idan ya daɗe ya canza wari. In ka matsa lemun tsami a kan yankakken yalon zaka ga ya daɗe bai dafe ba. A jikin mutum ma haka abin yake faruwa, muna shaƙar iska muna ƙona abinci, a cikin wannan aikin wasu 'yan ƙwayoyi suna fita da ake ce musu firi radikal, ilektiron ɗinsu ɗaya ya rasa abokin zama don haka duk abin da suka ci karo da shi sai su fizge nasa, ko kitsen da ke bangon ƙwayar halitta ne ko furotin ko DNA. Antioksidan shi ne duk sinadarin da zai miƙa musu ilektiron ɗin su lafa. Bitamin C da bitamin E suna ciki, haka sinadaran ganye irin su filabonoid da tanin, wannan baurin da kake ji a goro da bagaruwa.

Amma ka riƙe abu ɗaya, jiki yana da nasa masu gadin da yake ƙerawa da kansa, irin su katalas da gulutatayon, kuma su firi radikal ɗin ba duka ne sharri ba, da su fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta.

Me yasa sai itatuwan kurmi, mu namu na nan arewa basu da amfani ne?

Suna da shi mana, ai an yi aiki mai yawa a kan zogale da sabara da marke da maɗaci. Abin da ya ja hankalin masu bincike zuwa kurmi shi ne yawan ire-iren itatuwa a ɗan ƙaramin fili, ga ƙwari ga naman gwari ga danshi duk shekara, itace kuwa ba ya gudu, da sinadari yake kare kansa. Dazuzzuka irin na Oban da Okwangwo a Kuros Riba, Okomu a Edo, Omo a Ogun, nan ne gidan abin. Kuma kar ka ɗauka baƙonka ne, je kasuwar Sabon Gari layin masu kayan yaji ka duba, namijin goro, masoro, kimba, citta mai 'ya'ya, goron kansa, duk daga can ake hauro da su kuma tun kakanni suna cikin yajinmu da kunun masu jego. Namijin goro ma daga cikinsa aka tace wani haɗin filabonoid da ake kira kolabiron, aikin da sunan Farfesa Maurice Iwu ya fita a kai, eh wannan dai da ya zo ya riƙe INEC daga baya.

An aiko min da ganyen daga kudu, in fara daka kawai?

A'a dan Allah dakata. Farko a tabbatar da sunan itacen. Ka ɗauki reshe mai ganye, in da hali da fure ko 'ya'ya, ka kai wurin adana samfurin tsirrai na sashen Botani a Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABU, su duba su ba ka lambar shaida, ita zaka rubuta a aikinka. In na kurmi ne sosai akwai babban ma'ajiyar samfura ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan. Sunan kasuwa ba ya isa, suna ɗaya na Hausa ko na Yarbanci zai iya hawa kan itace biyu ko uku mabambanta.

Na biyu yadda aka kawo shi. Na taɓa karɓar buhun ganye da ya kwana biyu a but ɗin mota ɗaure cikin leda, ina kwancewa zafi ya bugi hannuna, tsakiyar ya yi baƙi ya yi fari-fari da funfuna, yarinyar da ta yi odarsa har da hawaye don ta riga ta biya kuɗin mota. Irin wannan zubarwa ake yi, domin in ka gwada shi ka ga guba baka sani ba ta ganyen ce ko ta funfunar. A ce wa mai aikowa ya sha iska da shi a inuwa tukuna, ya sa a buhun algarara ko kwali. In ya iso a baza a ɗaki mai iska, ba a rana ba, rana tana cinye sinadaran da kake nema. Da hunturu kwana kaɗan ya bushe, da damina sai haƙuri da juyawa. Ka rubuta wurin da aka ciro da watan da aka ciro, saboda ganyen damina da na rani ba lallai su ba ka sakamako ɗaya ba.

Da me ake tatso sinadarin?

Bayan an daka a turmi mai tsabta an auna nauyin garin, sai a jiƙa a metanol ko etanol, yawanci kashi 70 cikin 100 da ruwa, awa 72 ana girgizawa lokaci-lokaci, a tace, a busar da ruwan a na'ura mai juyawa ko a kan ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba, abin da ya rage mai danƙo kamar maɗi shi ne ekstirak ɗinka. Ka auna shi ka fitar da kashi nawa ka samu daga garin. Wasu suna amfani da na'urar Soxhlet mai tatsa da zafi, ya fi sauri amma zafinsa yana iya lalata wasu sinadaran.

Ga abin da ke damuna a nan. Mutanen da suke shan maganin nan a gida ba da metanol suke jiƙawa ba, tafasawa suke yi a ruwa, wani ya jefa jar kanwa, wani ya dama a kunu. To in burinka ka ce wani abu game da abin da mutane ke sha, ka yi na ruwa ma ka gwada su gefe da gefe. Kuma metanol guba ne mai makantarwa, kar wanda ya kuskura ya ɗanɗana ekstirak na lab.

Yaya gwajin DPPH yake, kuma me IC50 ke nufi?

Wannan shi ne wanda kusan kowa ke yi saboda sauƙinsa, tun 1958 aka fito da shi. DPPH wani gari ne baƙi-baƙi, shi kansa firi radikal ne amma mai zama lafiya, in ka narkar da shi a metanol sai ya ba da launin shunayya mai kyau. Zaka jera kwalaben gwaji, kowacce da ƙarfin ekstirak daban daga kaɗan zuwa mai yawa, ka zuba DPPH daidai wa daida, ka rufe su a durowa ko ka naɗe da takardar alminiyom minti 30 don haske yana ɓata shi. In ka buɗe zaka ga abin da idonka, ta farko tana nan da shunayyarta, ta tsakiya ta koɗe, ta ƙarshe ta koma ruwan ɗorawa. Wallahi har yau in na buɗe durowar nan na ga layin launukan sai na ji daɗi. Daga nan sai na'urar auna haske, a saita ta a nanomita 517, a karanta kowacce.

IC50 kuma shi ne yawan ekstirak ɗin da ya isa ya kashe rabin launin. Ƙanƙantar lambar ita ce ƙarfin abin, nan ɗalibai da yawa suke juya lissafin, su ga lamba babba su yi murna. Dole kuma ka gwada bitamin C a rana ɗaya da sinadari ɗaya don ka sami abin kwatantawa, kuma kowane ma'auni sau uku.

Wata matsalar da ba a cika faɗa ba, in ekstirak ɗinka yana da launi mai ƙarfi, misali ja irin na zoɓo, shi kansa yana shan haske kusa da 517 ɗin, sai na'ura ta ɗauka DPPH ne bai koɗe ba. Maganinta ka yi kwalba ta daban mai ekstirak da metanol zalla ka cire karatunta daga lissafi. Sannan DPPH sabo ake haɗawa ranar aiki, wanda ya kwana a kan benci ya riga ya tashi daga aiki.

DPPH kaɗai ya isa?

Bai isa ba. A ƙara da FRAP da ke duba yadda ekstirak ke juya sinadarin ƙarfe ya ba da shuɗi a nanomita 593, ko ABTS a 734, sannan a auna jimillar finol, wato dangin filabonoid da tanin, da sinadarin Folin. Kowanne ta ƙofarsa yake kallon abin.

To in ganyena ya kusa kamo bitamin C, kenan yana maganin cutar kansa da ciwon suga?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan gaba ɗaya. A'a ɗan'uwa, bai nuna haka ba ko kusa. Abin da ka gani shi ne sinadari ya canza launi a cikin kwalba. Cikin mutum kuwa akwai ruwan ciki mai tsami, akwai hanji da zai tsotsi kaɗan ya bar saura, akwai hanta da zata canza wa abin kama kafin ya shiga jini, filabonoid da yawa ɗan mitsitsi ne ke kaiwa inda ake so. Kusan duk ganye mai bauri zai ba ka sakamako mai kyau a DPPH, har wanda in akuya ta ci zata mutu.

Kuma an gwada abin a jikin mutane an gani. A Finlan an bi maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar wani antioksidan mai suna bita karotin kullum da fatan zai kare su daga kansar huhu, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga kansar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin masu shan ƙwayar. Wani gwajin a Amurka shi ma dakatar da shi aka yi a 1996 saboda irin wannan dalilin. A 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta sauke jadawalin ƙarfin antioksidan na abinci da ta daɗe da wallafawa, saboda 'yan kasuwa suna tallar kaya da lambobin alhali babu hujjar cewa lambar tana nufin wani abu a jikin mutum. Don haka in zaka rubuta kammalawar furojet ɗinka ka tsaya inda sakamakonka ya tsaya, ka ce ya nuna ƙarfi kaza a gwajin kwalba kuma ya cancanci a ci gaba da bincike. Ina jin ciwo sosai in na ga an ɗauki shafi ɗaya na aikin ɗalibi an liƙa a jikin robar magani ana yawo da lasifika a tasha, don wanda zai saya mai ciwo ne, wataƙila ma ya ajiye maganin asibitinsa saboda wannan takardar.

Ai abin daga Allah ne, ganye ne ba kemikal ba, ta ina zai yi illa?

Baba da girmamawa, zaƙami ma ganye ne, tunfafiya ma haka, idon zakara da 'ya'yan zurma kowa ya san ba a wasa da su, kwankwani kuwa da shi maharba suke dafa dafin kibiya. Rogo mai ɗaci in ba a jiƙa shi an sarrafa da kyau ba yana kisa. Ku kanku masu sana'ar kun fi mu sanin wannan, shi yasa kuke cewa wannan ɗan tsunkule ake sawa, wancan ba a ba mai ciki. A kurmi akwai waken Kalaba da a da ake ba wanda ake zargi da maita ya ci, da yawa sun mutu a haka, daga cikinsa aka ware fisostigmin a 1864 kuma ya zama maganin hawan jinin ido. Itace ɗaya, kisa da waraka, awo ne ya raba su.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce gubar da bata nuna kanta da wuri. A Beljiyam farkon shekarun 1990 wani asibitin rage ƙiba ya ba mata haɗin ganyen Sin, aka yi kuskure aka sa wani itace na dangin Aristolochia a madadin wanda ake nufi, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya kansar mafitsara ta biyo. Ba wadda ta faɗi a ranar da ta sha, a hankali abin ya ci su. Kuma dangin itacen nan muna da shi a nan, duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗan gidan ne. Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ya ga layin masu jiran wankin ƙoda ba zai ɗauki maganar nan da wasa ba.

Menene gwajin jatan lande da nake ji ana faɗa?

Shi ne matakin farko mai araha. Ƙwan wasu ƙananan jatan lande ne na ruwan gishiri da ake kira Artemia, kamar garin yashi yake a gwangwani, ka zuba a ruwan gishirin teku wajen giram 38 a lita ɗaya, ka kunna fitila a gefe, cikin awa 24 zuwa 48 sun ƙyanƙyashe. Haske suke bi, don haka in ka haska tocilan waya a gefen kwalba zaka ga sun taru suna wutsil-wutsil kamar ƙura mai rai, sai ka tsotso guda 10 da bututun gilashi ka sa a kowace kwalba, aikin yana cin ido ba kaɗan ba. A sa ekstirak a ƙarfi daban-daban, galibi maikurogiram 10 da 100 da 1000 a kowace mililita, a bar wasu kwalaben babu komai don kwatance, bayan awa 24 a ƙirga matattu a fitar da LC50, wato ƙarfin ekstirak ɗin da ya kashe rabinsu. Tun aikin Meyer da abokansa na 1982 ake ɗaukar duk abin da LC50 ɗinsa ya gaza 1000 a matsayin mai ƙarfi da ya kamata a sa wa ido.

Sai dai jatan lande ba shi da hanta da ƙoda irin namu. In sun rayu bai wanke ganyen ba, in sun mutu kuma ba lallai labari mara daɗi ba ne, masu neman maganin cutar kansa irin wannan suke nema.

Na ɓeraye fa? Sufabaiza ya ce in yi Lorke.

Kafin ka taɓa ɓera ko ɗaya sai ka sami izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, a ABU akwai shi, kuma mujallu masu mutunci basa karɓar aiki babu lambar izinin. Hanyar Lorke ta 1983 mataki biyu ce. Na farko ɓeraye 9 a kasu gida uku, a ba su miligiram 10 da 100 da 1000 a kowane kilo na nauyin jiki, a zuba musu ido awa 24. In lafiya sai mataki na biyu, ɗaya-ɗaya a 1600 da 2900 da 5000. Akwai kuma hanyoyin ƙungiyar ƙasashen nan ta OECD masu lamba 423 da 425 da suke bin dabba har kwana 14. Ba mutuwa kaɗai ake kallo ba, ka zauna gaban kejin da littafinka, gashinsa ya tashi? ya daina cin abinci? yana rawar jiki, yana gudawa, ya lafe a lungu? duk a rubuta da lokacinsa. Su ma rai ne da su, a ba su ruwa da abinci da shimfiɗa mai tsabta, kuma kar a yi amfani da fiye da adadin da ake buƙata.

LD50 ɗina, wato awon da zai kashe rabin ɓerayen, ya wuce 5000, in rubuta cewa ba shi da illa?

Ka rubuta cewa shan sa sau ɗaya bai kashe ɓera ba a wannan awon, iyakar abin da ka gani kenan. Mai hawan jini ko mai basir da ke shan jiƙo ai ba sau ɗaya yake sha ba, safe da yamma ne wata da watanni. Wannan sai gwajin kwana 28 ko 90, kullum ana ba dabba, ana auna nauyinta duk mako, a ƙarshe a ɗebi jini a duba ALT da AST na hanta, yuriya da kiriyatinin na ƙoda, a ƙirga ƙwayoyin jini, a yanka hanta da ƙoda siriri a duba a madubin likita. Sau da yawa a nan ne ganyen da ya haye Lorke lafiya lau yake nuna halinsa. Kuma ko wannan bai ce komai ba game da mai ciki da ɗan tayi, ko wanda ke haɗa shi da maganin asibiti, kowanne gwajinsa daban.

Misali daga kurmin kansa, a 1987 an ciro wata kurangar daji a gandun Korup na Kamaru, wanda ya yi iyaka da Oban ɗinmu, aka sami sinadarin mishelamin B a ciki, a kwalba ya hana ƙwayar HIV yaɗuwa har duniya ta ɗauka an dace, da aka zo gwajin dabbobi sai ya nuna guba ga jijiyoyi a kusa da awon da ake buƙata, a nan maganar ta tsaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɗaya gefen kuma akwai Niprisan na masu sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa daga maganin gargajiya, masoro da kanumfari da karan dafi suna cikin kayan haɗinsa, shi ya bi matakan har zuwa gwaji a jikin mutane.

Maganin da na saya yana da lambar NAFDAC, kenan an tabbatar yana aiki?

Duba lambar da kyau, in ta ƙare da harafin L to rajistar wucin gadi ce ta maganin gargajiya, ma'anarta an duba ta fuskar illa an ba shi damar shiga kasuwa. Shi yasa zaka ga an rubuta a jikin kwalin cewa hukumar bata tantance iƙirarin warkarwar ba.

Ni mai magani ne, in na kawo sirrina ba za a sace min ba?

Tsoronka yana kan hanya Baba, an sha yi wa masu ilimin gargajiya haka a duniya, shi yasa ma aka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010 kan raba amfanin tsirrai da ilimin mutanen wuri. Shawarata kar ka miƙa komai sai da takarda, a rubuta sunanka da abin da ka kawo da abin da za a gwada da kuma wanda ya mallaki sakamakon, kai da shugaban sashen ku sa hannu, ka riƙe kwafi, in da hali ka zo da ɗanka mai karatu ko wani daga ƙungiyarku ya zama shaida. Don gwajin guba kaɗai ba sai ka faɗi yadda kake haɗawa filla-filla ba, amma dole ka kawo shi yadda kake ba mutane, ka kuma faɗi awon, cokali nawa, sau nawa a rana, kwana nawa, saboda da wannan za mu lissafa abin da za a ba dabba.

Wuta bata zama, yaya zan adana ekstirak ɗina kar ya lalace?

Ka busar da shi sosai tukuna, danshi shi ne babban abokin gaba. Ka sa a kwalba mai duhu mai murfi gam, ka rubuta suna da kwanan wata da nauyi da abin da aka jiƙa da shi a jikinta da alƙalamin da ba ya gogewa, ka ajiye a desiketa, wato tukunyar gilashi mai hana danshi, mai silika a ciki, in silikar ta canza launi ka gasa ta ka mayar. Firij yana da kyau in akwai tsayayyar wuta ko sola, amma wanda zai yi sanyi da dare ya narke da rana gara desiketar, don duk fitarwa da mayarwa raɓa ce ke taruwa a cikin kwalbar. Ka raba shi gida biyu ko uku tun farko, ɗaya na aiki sauran na ajiya a wuri daban, kuma ruwan da ka narkar don gwaji na ranar ne kawai, gobe ka auna sabo.